Wa Ya Gina Gadar da Ke Cikin Maganin Zazzaɓi?

Ga kacici-kacici, mai karatu, amma kada ka yi saurin ba ni gari. Wani ma'aikaci ne. Ba a taɓa ganinsa da ido ba, kuma ba ya karɓar lada. In a cikin ruwa aka haife shi, tsawon rayuwarsa gaba ɗaya bai kai ƙiftawar ido ba, kai, ko kusa. Duk da haka aikin hannunsa na nan a kowane kemis na Jalingo, daga Sabon Gari har Magami, kuma da damina, lokacin da Mayo Gwoi ya cika sauro ya sami gari, shi iyaye ke fitowa nema da tsakar dare. Wane ne shi?

Mu fara da shaidar da ke hannu. In gwajin jini ya nuna zazzaɓin cizon sauro, mai kemis zai miƙo maka katin Coartem ko wani ɗan'uwansa: ƙwaya 24 'yan rawaya ga babban mutum, huɗu da safe huɗu da yamma, har kwana uku. Tun 2005 Nijeriya ta sauke kulorokwin daga matsayin maganin farko ta ɗora irin wannan haɗin, domin cutar ta daina jin kulorokwin. Ba ƙaramar magana ba ce ga ƙasar da ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya. Magani biyu ne a kowace ƙwaya, amma mai saurin aikin shi ne atemita. Shi da atesunet, allurar da ake yi wa yaron da aka kawo Cibiyar Lafiya ta Tarayya yana suma, uwarsu ɗaya. Sunanta atemisinin, kuma daga ganyen Artemisia annua ake tatsarta, wanda masu maganin gargajiya a wajenmu ke kira tazargade.

Da za ka ƙanƙance ka shiga cikin ƙwayar atemisinin guda ɗaya, za ka tarar da zarra 42: kabon 15, haidirojin 22, oksijin 5. Uku daga cikin oksijin ɗin suna zaune lafiya da maƙwabtansu na kabon. Sauran biyun ne abin kallo. Sun kama hannun juna, sun tsallake wani zoben kabon daga wannan gefe zuwa wancan. Gada ke nan, kuma duk ƙarfin maganin a kanta yake. Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta cinye himogulobin, a garin ci kuma sai ta saki sinadarin ƙarfen da ke cikinsa. Da ƙarfen ya taɓa gadar sai ta karye, gutsattsarin su afka wa cutar daga ciki. Masana sun taɓa cire oksijin ɗaya daga gadar suka bar komai yadda yake, nan take abin ya tashi daga magani. Irin wannan gada ba ta da yawa a cikin halitta, ga ta da saurin karyewa. To wa ya iya gina ta a cikin ganye?

Wanda zargi ya fara hawa kansa shi ne mai gida, wato ganyen kansa. Kusan duk abin da tsiro ke ƙerawa, enzayim ne ke ƙera masa, kowanne da matakinsa. Masana suka bi sawu, suka gano enzayim ɗin tazargade ɗaya bayan ɗaya a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ke fatar ganyen. A 2006 Jay Keasling da abokan aikinsa a Berkeley ta Amurka suka kwashi ƙwayoyin gadon waɗannan enzayim suka dasa wa yis, irin na kwaɓin burodi. Yis ya ci sukari, ya bi matakan, ya iso bakin ƙofa ya tsaya. Abin da ya bayar asid ne, babu gada. A ganyen ma layin enzayim da aka sani yana ƙarewa ne a kan wani farin asid mai suna daihaidiro-atemisinik, mai oksijin biyu kacal. Enzayim ɗin da zai ɗauka daga nan, har yau ba a nuna wanda kowa ya amince da shi ba. Ga kuma wani abin da ya ƙara dagula lissafi: in aka yanke ganyen aka shanya, an sha ganin asid ɗin yana raguwa, atemisinin yana ƙaruwa. Ganye ya mutu. Gini bai tsaya ba.

To ko zafi ne? Wanda ya san ranar Jalingo ta watan Maris ba zai raina wannan zato ba. Amma tarihin maganin da kansa ya wanke zafi daga zargi. Ƙasar Sin ta buɗe wani aikin sirri na neman maganin zazzaɓi ranar 23 ga Mayu, 1967, kuma a cikinsa ne wata masaniya, Tu Youyou, ta yi ta dafa ganyen tana samun sakamako yau da kyau gobe babu. Sai ta ci karo da bayanin Ge Hong, wani likitan ƙarni na huɗu, wanda bai ce a dafa ba, jiƙawa ya ce a yi a matse. Ta bar tafasawa ta koma tatsa da wani sinadari mai suna ita, wanda ke tafasa a ma'auni 35 kawai. Aiki ya fito. A 1972 aka ware sinadarin tsantsa, a 2015 ta karɓi kyautar Nobel. Ashe zafi ba ya cikin magina. In ma yana da hannu, a rushewa ne.

Saura wa? Gadar ta oksijin ce, kuma kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ne. Ga wanda ake zargi a ko'ina, har cikin huhun mai bincike. Akwai ma shaida a kansa. A 2002 Geoffrey Brown da Lai-King Sy a Hong Kong suka nuna cewa in aka ajiye farin asid ɗin a buɗe, iska kaɗai na iya mai da wani ɓangarensa atemisinin. Sai dai makonni ake ɗauka. Kuma duba halin wannan oksijin: yana kwana da busasshiyar ciyawar hunturu, yana zaune a saman jarkar fetur ta 'yan bumburutu, amma in ba tartsatsi ya zo ba, ba ya motsi. Yana da ƙarfin da zai cinye gari, amma kamar wanda aka ɗaure. Mu ba shi beli. Ka dai sa masa ido, kada ya yi nisa.

Haske fa? Shanya ganye a rana ai ba zafi kaɗai take kawowa ba. Nan ma akwai cikas. Haske ba ya canza abin da bai sha shi ba, kuma farin asid ɗin nan ba shi da launi, hasken da ido ke gani ratsa shi yake ya wuce. Ka haska shi shi kaɗai har ka gaji. Ba abin kirki da zai faru.

Mutum huɗu, kowa da hujjar kare kansa. A irin wannan wuri ne mai bincike ke komawa ɗakin tsofaffin fayiloli.

Fayil na farko daga Munich yake, a Jamus, an buga shi a 1900. Wani ɗalibin likitanci, Oscar Raab, yana gwada rinin akiridin a kan wasu ƙananan halittun ruwa da sai da madubin likita ake ganinsu. Rini iri ɗaya, awo iri ɗaya, amma wata rana halittun su mutu da wuri, wata rana su daɗe. Da ya bi diddigi sai ya ga bambancin hasken ɗakin ne. Rini a duhu bai cika kisa ba, haske ba rini ba ya kisa, amma in suka haɗu sai gawa. Ba a jima ba aka gano na ukunsu: in aka cire oksijin, kisan ya tsaya. Fayil na biyu na 1944 ne. Günther Schenck da Karl Ziegler suka ɗauki wani mai da ake samu daga tsiro, suka zuba masa kulorofil, wato koren ganye, suka bar shi ga haske da iska. Abin da ya fito shi ne askaridol, maganin tsutsar ciki na wancan zamani, kuma a tsakiyarsa akwai gadar oksijin biyu irin tamu sak. A 1989 Ronald Roth da Nancy Acton na cibiyar Walter Reed a Amurka suka yi wa farin asid ɗinmu irin wannan haɗi, da rini da fitila da iska, suka sami atemisinin.

Ashe gungu ne. Rini, haske, oksijin. Ganyen tazargade kuwa cike yake da rini, tunda kore ne. Amma kama gungu ba shi ne gano mai hannu ba. A cikin ukun nan, wa ke taɓa asid ɗin?

Amsar da ta yi mulki shekaru masu yawa ita ce ta Schenck, kuma tana da daɗin ji. Rini ya sha haske ya yi ƙarfi, ya rungumi oksijin, ya ɗauke shi a jikinsa har wurin abin da za a yi wa aiki, ya sauke shi, ya koma ɗauko wani. Wato rini ne mai hannu, oksijin kaya ne kawai. Schenck ba ƙaramin masani ba ne, ya fi kowa yawan gwaji a fagen, kuma bayaninsa ya dace da kusan duk abin da aka gani. Da a nan za mu rufe shari'a. Sai dai akwai wani fayil da aka tura can ƙasan tari, ƙura ta rufe shi.

Heidelberg, 1931. Hans Kautsky ya ɗauko tsakuwar silika, dangin 'yan fararen tsakuwoyin nan da ake sa wa a ɗan ƙunshi cikin robar magani don su tsotse danshi. Ya raba ta gida biyu. Kashi na farko ya shayar da shi wani rini mai suna tirifafilabin, ya busar. Kashi na biyu ya shayar da shi wani sinadari marar launi, wanda ke rikiɗa ya yi shuɗi-kore da zarar oksijin ya kama shi. Ya gauraya su a bushe cikin kwalbar gilashi. Rini na manne a tsakuwarsa. Abin farauta na manne a tasa. Babu ruwan da zai ɗauki wannan ya kai wa wancan.

Ya zuƙe iska. Ya bar oksijin kaɗan. Ya kunna fitila.

Launi ya fito.

Rini bai motsa daga inda aka ɗaure shi ba, amma an yi aiki a tsakuwar maƙwabta. Wani abu ya tashi daga nan ya sauka can, kuma ta cikin iska ya bi. Kautsky ya zuƙe oksijin gaba ɗaya, shiru. Ya cika kwalbar da oksijin da yawa, nan ma aikin ya ja baya. Sai a ɗan tsakani abin ke yiwuwa. Wannan ya nuna ɗan aiken daga oksijin ake yin sa, kuma ba ya jure cunkoso: in ya yi karo da yawa a hanya, ƙarfinsa na zubewa kafin ya isa.

Wanda muka ba beli ne. Amma ba a kamannin da muka san shi ba.

Ga yadda abin yake. Kowane ilektaron yana da wata ɗabi'a da masana ke kira juyi, kuma fuska biyu ce kawai gare ta. A kusan duk abin da ke kewaye da mu, sukari, mai, itace, naman jikinmu, ilektaron suna zama ne biyu-biyu, ɗaya ya juya nan ɗaya ya juya can. Oksijin na iska shi ne baƙon cikinsu: ilektaron ɗinsa biyu na waje fuska ɗaya suke kallo, kowanne a ɗakinsa. Kamar mutum ne ya zo da takalma biyu duk na ƙafar hagu, alhali ba a shiga sai da ƙafa biyu cikakku. Dokar halitta ba ta yarda juyi ya sauya haka kawai a tsakiyar haɗuwa ba, shi ya sa oksijin ke tsaye a bakin ƙofar kowane sinadari ba ya iya shiga da sauƙi. Wannan ɗaurin rahama ne babba, don da babu shi da ciyawa da rumbu da mu kanmu ba mu zauna lafiya cikin iska ba. Masana na kiran wannan yanayi tiriplet. Shi ne ma ya sa in aka sanyaya oksijin har ya zama ruwa, yake manne wa maganaɗisu.

Haske shi kaɗai da ƙyar yake iya juya wa oksijin ilektaron ɗaya. Rini kuwa yana iyawa. Yana shan hasken, ilektaron ɗinsa ya yi tsalle ya juya, ya zauna a haka na ɗan lokacin da ya isa ya yi karo da oksijin. A wannan karo sai su yi musaya: rini ya koma yadda yake tun farko, ba abin da ya ragu a jikinsa, oksijin kuma ya tashi da ilektaron biyu masu kallon fuska daban-daban, da ƙarin ƙarfi na kilojul 94 a kowane mol. Wannan shi ne oksijin singilet. Ɗaurin ya kwance. Yanzu yana iya faɗa wa duk inda kabon biyu suka yi riƙo mai ninki, cikin sanyi, ba wuta ba tartsatsi, kuma a daidai gurbin da ya zaɓa. Rini ɗan zuga ne kawai, ƙwaya ɗaya tana iya tayar da oksijin sau dubbai. Shi kuwa singilet a cikin ruwa yana rayuwa ne kashi uku zuwa huɗu cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya, tafiyarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin silin gashi ba, sai ya huce ya koma oksijin na kullum. Ta yaya za a kama wanda ke komawa cikin jama'a da irin wannan sauri?

Shi ya sa ba a yarda da Kautsky ba, duk da cewa Robert Mulliken ya riga ya nuna ta lissafi tun 1928 cewa oksijin na da irin waɗannan yanayi. Abin da ya wanke shi daga wani gefe ya ɓullo. An daɗe da lura cewa in aka haɗa ruwan bilic da haidirojin ferokzaid, dangin wanda ake wanke ciwo da shi, a cikin duhu, wani ɗan jan haske na tashi. Ba abin gwadawa a gida ba ne. A 1963 Ahsan Khan da Michael Kasha a Florida suka auna wannan haske suka ce na singilet ne. Shekara ɗaya bayan haka Christopher Foote, matashin malami a Los Angeles, shi da ɗalibinsa Wexler, suka zuba sinadaran da aka saba yi wa aiki da rini da fitila a cikin wannan haɗi. Babu rini. Babu fitila. Abubuwan da suka fito iri ɗaya ne da na hanyar rini. In aiki ɗaya ya fito a wurin da rini bai je ba, to ba rini ne mai hannu ba. Shekara 33 ke nan bayan gwajin tsakuwa. Kautsky ya rasu a 1966. Abin yana taɓa ni duk lokacin da na tuna: gwajin da ya fi kowanne tsabta a wannan fage, da tsakuwa da rini da fitila aka yi shi, kuma sai da mai shi ya zo ƙarshen rayuwarsa aka dawo kansa.

Foote ne kuma ya nuna a 1968 yadda ganye ke tsira daga wannan baƙo da koren jikinsa ke haifarwa kullum rana ta fito. Karotin, sinadarin da ya sa manja da karas suke da launinsu, yana karɓe ƙarfin singilet ya mai da shi ɗumi kafin ya yi ɓarna. Tazargade kuwa, ga dukkan alamu, tana da ƙarin abin tarewa: farin asid ɗin nan da ke haɗiye singilet. Abin da ya zama maganin 'ya'yanmu, wataƙila garkuwar ganye ce daga rana.

Kafin ka miƙe, akwai sauran juyi ɗaya. Lissafa oksijin: asid na da biyu, atemisinin na da biyar. Ƙwayar oksijin guda ba ta isa ba, biyu ake bukata, sannan ruwa ya fita da zarra ɗaya. Bisa bayanin da galibin masana suka yarda da shi, singilet ne ke fara kai hari ya maƙale a jikin asid ɗin. Sai ɗan tsami ya tsaga zoben a wurin, ya bar wani gurbi mai tsananin ƙishirwa, wanda ko oksijin na kullum yana iya shiga. Shi ne ke shiga. Kuma zarra biyun da ke zama gadar nasa ne. Farkakken ya fasa ƙofa, mai barcin ya aza gada, kuma su biyun abu ɗaya ne.

Da aka san mai aiki, sai aka ɗauke shi haya. Farashin atemisinin na ganye ba ya zama wuri ɗaya: ya haura dala 1,000 kan kilo a 2005, bayan shekara biyu ya faɗo ƙasa da 200, manoman Sin da Biyetnam da gabashin Afirka su shuka bana su fasa baɗi. Don a daidaita wannan ne kamfanin Sanofi ya buɗe masana'anta a Garessio ta Italiya a 2013. A lokacin, yis na dafa asid a Bulgeriya, a kawo shi Italiya, a narkar da shi da wani rini dangin fofirin, a haska da manyan fitilu, a hura iska. An tsara ta ta iya tan 50 zuwa 60 a shekara. Amma rinin narkakke ne a cikin kayan, dole a wanke shi daga magani bayan an gama, sannan ruwan narkarwar mai kulorin ne, ga asid mai ƙarfi da ake zubawa. Kowanne kuɗi ne, kowanne shara ce. Da farashin ganye ya sake sauka, masana'antar ta kasa gasa, a 2016 ta koma hannun kamfanin Huvepharma.

Nan ne tsakuwar Kautsky ta dawo, wannan karon a matsayin kayan aiki. In rini ba ya bukatar zuwa wurin aiki, me ya sa za a narkar da shi? A ɗaure shi a jikin abu mai tauri, singilet ya yi zirga-zirgar. Tun 1973 Paul Schaap da Douglas Neckers da abokansu a Amurka suka ɗaure jan rinin ros-bengal a jikin 'yan ƙananan duwatsun roba. An gama aiki, a tace, a ɗauraye, a sake amfani da su. A 2015 masu bincike a Jami'ar Nottingham ta Ingila, cikinsu har da Zacharias Amara da Martyn Poliakoff da Michael George, suka ɗora fofirin a kan duwatsun Amberlyst, waɗanda dama tsami ne a jikinsu. Dutse ɗaya, aiki biyu: ya tayar da singilet, ya kuma tsaga zoben. Suka cusa su a bututu mai ratsa haske, suka tura asid ta wannan baki cikin iskar kabon da aka matse ta zama ruwa, atemisinin ya fito ta wancan. A 2019 ƙungiyar Hong-Cai Zhou a Texas ta gina fofirin ɗin a cikin bangon wani lu'ulu'u mai ramuka, ta dasa tsamin a cikin ramukan.

Akwai kuma hanyar duhu, ga wanda ba ya son kuɗin fitila. A 1985 Jean-Marie Aubry a Faransa ya bi sinadarai ɗaya-ɗaya yana neman wanda zai sa haidirojin ferokzaid ya saki singilet a hankali, ba da fashewa irin ta bilic ba. Molibdet ya fi burge shi. Daga baya Bert Sels da Dirk De Vos da Pierre Jacobs a Leuven ta Beljiyam suka maƙala molibdet ɗin a jikin wani farin gari mai hawa-hawa na magniziyam da alminiyam. A zuba garin, a ɗiga ferokzaid, singilet ya yi ta fitowa, abin da ya rage ruwa ne.

Ba na son in bar ka da zaton an gama. Ɗaure rini na da nasa ciwon. Haske ba ya shiga can cikin dutse, don haka rinin da ke ciki zaman banza yake. In aka cika rini da yawa a wuri ɗaya, ƙwayoyinsa na kashe wa juna ƙarfi. Singilet da aka haifa a zurfin rami kan mutu kafin ya fito, kuma fuskar silika kanta tana gaggauta mutuwarsa. Mafi muni, singilet ba ya sanin uban gida: a hankali yana cin rinin da ya tayar da shi, launi ya koɗe, aiki ya tsaya. Har yanzu dai mafi yawan atemisinin na duniya daga gona yake fitowa. Wannan kuma ba izini ba ne na a jiƙa tazargade a ba yaro mai zazzaɓi. Yawan maganin da ke cikin ganye ba shi da tabbas, Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana, kuma awon da bai kai ba shi ke koya wa cutar jurewa, jurewar da tuni ake ganin alamunta a Ruwanda da Yuganda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne arhar kayan wannan bincike. Rinin Giemsa da ɗakin gwajin asibiti ke shafa wa jini don a ga ƙwayar zazzaɓi, haɗin shuɗin metilin ne da iyosin, kuma dukansu biyun suna tayar da singilet. Shuɗin metilin ɗin ma shi Paul Ehrlich ya gwada a kan masu zazzaɓi tun 1891, kuma yana manne wa silika da kansa, ba sai an roƙe shi ba. Ɗalibin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, yana da rini, yana da tsakuwa, yana da ranar da masu bincike a Nottingham ke biyan kuɗin lantarki don su kwaikwaya. Tambayar da ta rage a buɗe ma irin tasa ce: wane abu mai tauri, ko silika, ko yumɓu, ko gawayin ɓawon gyaɗa, zai riƙe rini ya yi zagaye goma a rana tsaka ba tare da ya koɗe ba? Amsarta na bukatar kwalabe, da na'urar auna launi, da wanda zai zauna ya rubuta abin da ya gani awa bayan awa.